Littafin Jirgin Ruwan Da Na Datse

Shekarun baya can, zamanin mulkin soja, ina da 'yar rumfar dukanci a Tudun Wada. Gafaka nake ɗinkawa, wani lokaci in yi wa tsofaffin littattafan malamai bango. Wata safiyar Talata motar soja ta tsaya a ƙofar rumfata, wani hafsa ya fito da abu naɗe a tawul. Kafin ya yi sallama maƙwabtana duk sun tuna suna da aiki a cikin gida.

Littafi ne babba na Faransanci, takardarsa mai kauri kamar ƙyalle. A bangon an zana jirgin ruwa mai filafilai yana barin gaɓa. Ya ce, "Gidan fata kawai za ka ɗinka masa, wanda za a riƙa zura shi ciki. Asabar zan dawo." Na ce, "An gama, yallaɓai."

Da ya tafi na duba, sai na ga bakin takardun wani ya fi wani tsawo, kuma yawancin shafukan a haɗe suke ta sama, ba sa buɗuwa. Na ce a raina ashe Turawa ma suna aikin ganganci. Don in burge mai kaki, na kai shi wurin mai injin yankan takarda a bakin kasuwa, aka datse gefe uku tas.

Sai ga zane-zane sun bayyana. Igiyar ruwa ta fi hasumiyar masallaci tsawo, mutane sun rungume igiyoyin jirgin bakinsu a buɗe. Ni da ban san ruwan da ya wuce kogin Chanchaga ba, sai da tsigar jikina ta tashi. A zanen ƙarshe babu jirgi, babu mutum, sai katako guda a kan ruwa.

Washegari abokina, mutumin Togo mai koyar da Faransanci a sakandare, ya kawo gyaran takalmi. Na nuna masa ina taƙama. Ya juya littafin, ya shafa gefen, fuskarsa ta canza.

"Wa ya yanka?"

"Ni na sa aka gyara."

Ya nuna mini wata lamba da aka rubuta da hannu a baya, da sa hannun mai zanen. Ya ce labarin masu tafiyar teku ne, kaɗan aka buga irinsa, kowanne da lambarsa. Masu tara su ba sa yankawa, yadda ya fito a haɗe ɗin nan ita ce darajarsa. Na ce, "Ba a liƙewa?" Ya ɗauki takalminsa ya tafi, bai bari na gyara ba.

Na ruga wurin mai inji neman guntayen, kamar zan iya ɗinke su. An riga an ƙone shara.

Kwana uku ban ci abin kirki ba. Ko babur ya tsaya a layinmu sai in leƙa in ga ko sojoji ne. Na ce wa mai ɗakina ta kwashi yara su tafi ƙauyen Garatu wurin gwaggonta. Ta tura yaran, ita ta ƙi. Ta ce, "Malam, in tafiya za su yi da kai, gara in ga motar da idona." Gidan fatar kuwa, ban taɓa ɗinka mai kyansa ba.

Ranar Asabar hafsan ya zo. Na durƙusa na faɗa masa komai kafin ya tambaya. Direbansa ya matso, hafsan ya ɗaga masa hannu ya tsaya. Ya zauna a bencina yana shafa gefen littafin, bai buɗe ba. Can ya ce wata tsohuwa ce ta ba shi, wadda ya zauna a gidanta lokacin da ya je kwas Faransa. Na ɗanta ne, ma'aikacin jirgin ruwa. Ya saya ya ajiye da niyyar buɗewa in ya dawo daga tafiyar teku, bai dawo ba. Ta roƙe shi ya bar shi yadda yaron ya bari.

Ya ce, "Ka ga cikinsa?"

"Na gani, yallaɓai."

"Jirgin ya isa?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Bai isa ba."

Ya gyaɗa kai, ya zura littafin a gidan fatar, ya miƙe. Sai da ya kai bakin mota ya juyo ya ce, "Da ka tambaye ni."

Yanzu tsufa ya zo, amma ko zare ba na yankewa a kayan mutum sai na ji daga bakinsa, har masu kawo aiki kan ce na cika tambaya. Hafsan kuwa an canza masa wurin aiki kafin damina ta ɗauke, ban sake ganinsa ba. Har yau ban san ko ya yafe mini ba.