Kwalekwalen da Inna ta shayar

Shekara ashirin ke nan da rasuwar Inna, amma wallahi ko jiya sai da na tuna ta na yi ta dariya ni kaɗai.

Zamanin da kuɗin fetur suka cika gari ne gwamnati ta turo Baba karatu Landan, ya kwaso mu muka sauka a wani gidan haya a unguwar Tottenham. Inna 'yar Yawuri ce, gidan masunta, a bakin kogin Kwara ta girma. Landan ta shaƙe ta. Ta daina cin abinci, ta ɗaure kayanta, ta ce gida za ta koma, ko da mu ko ba mu. Ni da ƙanena kullum gabanmu na faɗuwa, kada mu wayi gari babu uwa.

Wata Asabar Baba ya lallaɓa ta muka hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku, inda akwai gidan tarihin jiragen ruwa da doguwar hasumiya mai fitilar nuna wa jirage hanya. Muna cikin yara ana koya mana ƙulla igiya, sai muka ji salatin Inna! Ashe wani kwalekwale ta gani irin na garinsu, an kewaye shi da igiya, ya bushe ƙayau.

"Wane marar tausayi ya bar jirgi da ƙishi? Ai tsagewa zai yi!"

Kafin Baba ya buɗe baki ta tsallake igiyar, ta zaro butar alwala daga jaka, ta shiga yayyafa masa ruwa. Mai gadi ya rugo, Baba na ta ba da haƙuri yana sharce gumi, ita kuwa ko a jikinta. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Daga nan ta haye hasumiyar, ta riga mu kaiwa sama, ta tsaya tana kallon teku tana dariya har da hawaye. "Malam, ashe ƙasar nan da ruwa ka ɓoye mini?" Washegari ta kwance kayanta.

Bana na kai jikokina wurin. An yi wa yara jirgin wasa suna ta tsalle a ciki, kwalekwalen kuwa an rufe shi cikin gilashi. Da Inna na nan, na rantse sai ta nemi mai mukulli.

Ba ta bar mana dukiya ba, halinta ta bari, hali kuwa zanen dutse. Ƙaramar jikata, wadda Hausarta ba ta wuce "sannu" ba, ta manna hanci a gilashin ta tambaye ni da Turanci wai wa ke ba jirgin ruwa. Ban taɓa ba ta labarin ba. Na zaunar da ita a benci na ba ta, da Hausa.