Kafintan da Ya Ƙi Tafa wa Saiwar Yaqona

Kullum safiya Kawu Isikeli yakan taka zuwa kasuwar kifi kansa a sama. Ba girman kai ba ne, rufin gidajen mutane yake dubawa.

Shekara goma sha takwas ya yi a kwamitin ɗaukaka ƙara kan dokar gini na garinmu, inda nake rubuta bayanin zama daga kusurwa. Kujeru biyar ne, majalisar gari ke naɗa masu su duk shekara uku. Tasa ita ce ta kafintoci.

Bara sufeton gini ya ƙi amincewa da sabon zauren coci, don ba a ɗaure rufinsa da ƙarfe ba. Nan ne kuwa za mu riƙa fakewa idan guguwa ta taso daga teku. Coci ta ɗaukaka ƙara. Ana gobe zama, ina gidan Kawu na kai takardu, sai ga taubashinsa Peniasi, shugaban majalisa, da damin saiwar yaqona, wadda ake dakawa a jiƙa a sha a taron al'ada, yana neman a goyi bayan coci. A wajenmu, wanda ya tafa ya karɓi saiwar ya karɓi roƙon da ke bayanta.

"Tsohon banza, tafa mana," in ji Peniasi yana dariya. "Ko hannun ma ya bi haƙoran?"

"Kai da ko akurkin kaji ka kafa sai ya kife? Ɗauki kayanka, taubashi."

"Ɗakin Allah ne fa."

"Jikokinka za su kwana a ciki."

Hannuwan Kawu suna kan gwiwa. Bai tafa ba.

Washegari ƙuri'a uku da biyu aka yi, ƙarar ta faɗi, aka ɗaure rufin. Da wa'adin Kawu ya cika aka ba wani mai sayar da siminti kujerar, ko liyafar sallama babu. Yanzu a coci bencinsa shi kaɗai ne, Peniasi kuma ya daina zaginsa, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Kai ne ƙusa, Kawu, ba a ganinka sai ka fita. Mun gode. Masu hawa kujerun nan, ku koyi ajiye hannu a kan gwiwa.

Jiya na yi ƙarfin hali na ce wa Kawu ranar da guguwa ta zo mutanen gari za su gane. Ya daɗe yana kallon rufin zauren.

"'Yata, Allah ya sa kada su taɓa ganewa."