Neman Sunan Jirgin Baba

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Garba, wanda mutanen Ƙauran Namoda suka fi sani da Garba Soja. Bana ga mu da jiha tamu ta kanmu, ko'ina murna ake yi, ni kuwa sai tambayar kaina nake me zai ce da yana raye. Ina jin murmushi zai yi, ya ce Allah ya sa alheri, sannan ya tambaya ko yanzu jirgin ƙasa zai koma zuwa Ƙaura kamar da. Daga tashar nan aka ɗauke shi yana saurayi, shi da ƙanensa Umaru, bayan sun baro gonar ubansu a Gurbin Ɓore. Aka kai su Ikko, jirgin ruwa ya kwashe su zuwa yaƙin Bama. Shi ya dawo, Umaru bai dawo ba.

Baba ba mai rowar labari ba ne. Yakan ba mu labarin dajin Bama, da ruwan saman da ba ya ɗaukewa, da yadda suke haye duwatsu da kaya a ka. Amma da an zo kan jirgin ruwa sai ya miƙe ya ce zai duba awaki. Abin da ya faɗa wa kakarmu ranar da ya dawo bai wuce cewa Umaru ya rasu a hanya ba. Har ta koma ga Allah ba ta ji ƙari ba.

Bayan addu'ar arba'in ɗin Baba, Gwaggo Hassi, ƙanwarsu ɗaya da ta rage, ta ja ni ɗaki ta riƙe hannuna. "Ɗiyata, ke kin yi boko," in ji ta. "An ce Turawa jefa mamaci suke yi cikin ruwa kamar shara. Ki bincika mani, shin an yi ma Umaru salla?" Tun tana yarinya wannan tambaya ke cin ta, ba ta taɓa samun ƙarfin yi wa yayanta ita ba.

Ni malamar firamare ce, ban san ta inda ake fara irin wannan bincike ba. Na ɗauka in na gano sunan jirgin, zan samu takardar da aka rubuta abin da ya faru a cikinsa. Na buɗe akwatin ƙarfen Baba, na tarar da littafinsa na sallama daga soja, da lambarsa a jiki, amma babu sunan jirgi. Da hutu ya zo na tafi Kaduna, gidan da ake adana tsofaffin takardun gwamnati. Ma'aikacin wurin ya yi ta fito mani da fayiloli ɗaure da zare, na kwana uku ina bin sunayen samarin lardin Sakkwato da yatsa. Na ga Garba, na ga Umaru a ƙarƙashinsa, har na ɗan yi hawaye. Jirgi kuwa babu. Wani abokin aikina ya taimaka muka rubuta wasiƙa Ingila. Bayan watanni amsa ta zo cikin ladabi, wai in faɗa musu watan da jirgin ya tashi. Ni kuwa abin da na taɓa ji daga bakin Baba shi ne, sun bar gida gero na fitar da kai.

Neman watan ne ya kai ni wurin Baba Yohanna, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, Kirista daga ƙasar Binuwai, wanda ya tsufa a Ƙaura. Tun muna yara muke ganinsu da Baba a kan benci ɗaya da yamma, ba sa yawan magana. Na san shi ma ya je Bama, ban dai san jirginsu ɗaya ba.

Ya ce sunan jirgin ba wanda ya gan shi, don an shafe shi da fenti ruwan toka saboda abokan gaba. Sannan ya dube ni ya ce, "Amma ba suna kike nema ba, 'yata. Zauna."

Ya ce zazzaɓi ne ya kama Umaru a ƙasan jirgi, inda zafi ke hana numfashi, bai yi mako ba ya cika. Da ma'aikatan jirgin suka zo ɗaukar gawar, Baba ya tare su ya ce ba mai taɓa ta sai an yi mata wanka. Yohanna, da yake ya yi makarantar mishan, shi ya yi masa tafinta gaban hafsa, hafsan kuma ya yarda. Baba ya wanke ƙanensa da kansa, ya suturta shi da farin zanen saƙi da kakarmu ta ba su lokacin tafiya. Wani matuƙi ya nuna musu alƙibla, Musulmi suka yi sahu a saman jirgi, Kiristoci suka cire huluna suka tsaya a gefe. Aka rage gudun jirgin. Da aka idar, Baba ne ya sake shi cikin ruwa da hannunsa. Wannan ne ya kasa faɗa wa uwar da ta ce masa ya kula da ƙanensa.

Washegari na shiga mota ta Zurmi zuwa Gurbin Ɓore, inda Gwaggo take zaune. Gwaggo ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba, sannan ta tambaya sahu nawa aka yi. Na ce Baba Yohanna bai ƙirga ba, amma ya ce sun cika saman jirgin. Sai ta ce, "Ashe ya samu mutane."

Yanzu Gwaggo da Baba Yohanna duk sun rasu, ni kuma har yau ban san sunan jirgin ba. Baba bai bar mana gida babba ko sarauta ba. Abin da ya bari shi ne sanin cewa a tsakiyar teku, yana ƙaramin soja marar igiya ko ɗaya, ya tsaya wa ɗan'uwansa har aka yi masa abin da ake yi wa Musulmi. Abin da ke damuna kawai, ban sani ba sai da ya tafi. Da na sani yana raye, da na zauna kusa da shi na ce masa, Baba, ai ka kula da shi. Allah ya haɗa su a inda babu sauran rabuwa.