Idrissa da Magajin Osbat

Duk ɗan Nijar da ya zauna a Rillieux-la-Pape, gefen birnin Lyon a Faransa, a shekarun nan ya san Osbat, ko yana so ko ba ya so. Ka gayyaci Idrissa cin tuwo, kafin ka kai loma ta uku ya shigo maka da mutumin. Osbat wani hakimin Ingila ne, irin waɗanda ake kira baron, ya mutu shekara ɗari bakwai da suka wuce. Idrissa kuwa Badamagare ne, dogo, mai sanyin magana, ya zo Lyon a 2004 da taimakon karatu na gwamnati don ya yi dakta a tarihi. Ni a lokacin ina koyon aikin ungozoma, kuma bene ɗaya muke. Na sha ce masa, "Yaya Idrissa, duk sarakunan Damagaram sun ƙare ne, sai ka kwaso muna wani Bature da ko kabarinai ba a sani ba?" Sai ya yi murmushi ya ce malamarsa ce ta ba shi, shi kuma ya riƙe amana.

Ya riƙe kuwa. Ya koyi Latin da Faransancin da, ya san kakan Osbat da ya ƙetaro teku da doki biyu, ya san uban da ya auri 'yar maƙwabci don gonakinta, ya san ƙannen da aka tura gidan ibada saboda a can ɗan fari ke cinye gado duka. Wannan na ba shi haushi ƙwarai, har ya kan aje cokali ya ce zalunci ne. In yana jero zuriyar sai ka ce maroƙi a gidan suna. Mun yi ta yi masa dariya, amma a gaskiya muna son ji.

Matsalar ta fito ne a shekara ta biyar. Osbat ya tafi yaƙi ƙetare, ya yi kusan shekara biyu, da ya dawo ya tarar da matarsa da jinjiri sabon haihuwa. Bai kore ta ba. Ya karɓi yaron, ya ba shi sunan kakansa, kuma daga wannan yaron ne duk zuriyar gidan ta sauko. Babu wanda ya taɓa lura da haka sai Idrissa. Malamarsa ta kusa tashi sama don murna, ta ce ga zuciyar littafin daktarsa nan, magajin ba ɗan Osbat ba ne, ya rubuta haka ƙarara. Idrissa ya koma gida ya rubuta cewa cikin ne ya kwanta.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san zancen. Ciki ya kan kwanta a jikin mace, in ji manya, ya yi shekara ko biyu bai motsa ba, sannan ya tashi a haife shi, kuma ɗan na mijin ne, ba mai cewa uffan. Da ya gaya mini sai da na dafe kai.

"Haba Yaya! Wannan a tsakar gida aka faɗinta, ba a jami'a ba. Ni kullum ciki nika aunawa. Wata tara ne, in ya daɗe ya ƙara mako biyu."

"Zouera, ke kin ga abin da na'ura ta nuna miki. Ni ba ni ɗora wa baiwar Allah ƙazafi, ba ta nan balle ta kare kanta. Mijinta ma da ya gani da idonshi bai ce ba."

Na ɗauka tsoron Allah ne kawai, da taurin kai irin na mutanen Zinder. Sai daga baya wata 'yar unguwarsu ta faɗa mini abin da kowa ya sani a can. Baban Idrissa ya tafi fatauci Abidjan, ya yi shekara biyu, aka haifi Idrissa uban yana kan hanyar dawowa. Inna Sabuwa, mahaifiyarsa, ta ce ciki ne ya kwanta, tsohon ya ce alhamdu lillahi, ya yanka rago. Har ya rasu bai taɓa bambanta shi da sauran 'ya'yansa ba. Daga ranar da na ji wannan na ja bakina na yi shiru.

Malamar ba muguwa ba ce. Ta ba shi hanya, ta ce ya rubuta cewa mutanen da sun yarda da irin wannan, ba wai shi ya yarda ba. Ya ƙi. Ta ce to ya je taron masana a Paris ya gwada, wataƙila in ya ji daga bakin wasu ya sauko. Na bi shi a jirgin ƙasa, yana sanye da kwat ɗin da ya saya a kasuwar Barbès, hannun ya yi masa gajere. Ya yi bayani mai kyau, wallahi na yi alfahari da shi, har ya iso wurin jinjirin. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya tambaye shi ko da gaske yake. Ya ce da gaske yake. Ɗakin ya ɗauki dariya, irin ta masu ilimi, ƙasa-ƙasa, wadda ta fi ta kasuwa ciwo. Idrissa ya tsaya har suka gama, ya yi godiya, ya tattara takardunsa.

Bai kai wa jami'a littafin ba. Taimakon karatu ya ƙare a 2011, ya koma Stains a gefen Paris, ya samu aikin tuƙa motar kai kaya. Ya yi aure, yana da 'ya'ya mata uku, kuma duk wata yana aika wa Inna abin cefane. Ni dai har yau abin na ci mini rai, shekara bakwai na wahala da sanyi, mutumin da ya fi duk waɗanda suka yi masa dariya sanin gidan Osbat.

A 2017 na je sunan autarsa. Da jama'a suka ragu muka zauna a baranda, na kasa haƙuri.

"Yaya, tsakaninka da Allah, ka yarda ciki na kwanciya?"

Ya kalli motocin da ke ƙasa, sannan ya juyo gare ni.

"Na karanta littattafanku, Zouera. Tun kafin ki faɗa mini na karanta." Ya gyara hularsa. "Amma Inna ta ce ya kwanta, Baba ya ce ya yarda. In na sa hannu a takarda cewa ƙarya ne, da wane baki zan kira ta ranar Juma'a in gaishe ta?"