Yarbancin Innata

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma a ƙauyen da Inna ta fito uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi. In ta sauke tuwo sai ta dubi ƙanena ta ce a gaya wa yarinyar can abinci na hucewa, alhali ina zaune gwiwata na gogar tata. Na san kunya ce, an sha gaya mini. Amma a Agege aka haife ni, a gidan haya, inda kullum nake ganin maƙwabciyarmu Bayarabiya na rungume 'yarta tana yi mata kirari don kawai ta wanke kwano. Na girma ina zargin Inna ba ta so na, kuma abin ya ci mini rai matuƙa.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, inda na karanta ilimin harshe, aka ce kowa ya yi bincike. Na zaɓi yadda matan Hausawan Agege ke gauraya harsuna a wurin sana'a. Ban wahalar da kaina ba, tunda Inna na toya waina a bakin layin dogo, tana yin Hausa da mahauta, Yarbanci da matan kasuwa, buroka da 'yan okada. Da na nemi izinin naɗar muryarta, sai ta gaya wa tandar waina cewa ashe an kai yarinya jami'a ne ta koyo sauraron hirar mutane, aikin da matan layinmu ke yi kyauta. Duk da haka ta bar ni na ajiye wayata a kan bencinta, ina taya ta zuba ƙullu.

Damina ce lokacin. A cikin danfo, motar haya ta Legas, nake sauraron abin da na naɗa, na toshe kunne, na jingina kai da taga. Mai na ƙara a tanda, ruwa na dukan rufin kwano, jirgi ya taho daga nesa ya haɗiye maganar kowa ya wuce. Sau da yawa gyangyaɗi ke ɗaukata, in ga kaina ƙarama a gindin bencin nan, hayaƙi na tashi, muryar Inna na yawo a samana ban san da wa take ba. Sai kwandasta ya buga jikin mota in farka.

Na kai wa malamata aikin ina ta alfahari da yawan wuraren da Inna ta sauya harshe. Dattijuwa ce mai ƙarancin yabo. Ta ce yawan bai dame ta ba, in koma in saurara, duk inda harshe ya sauya in tambayi kaina da wa ake magana.

Na koma ina gunaguni. Mahauta, Hausa. Masu saye, Yarbanci. Sai na fara cin karo da wasu guntayen Yarbanci a lokacin da babu mai saye ko ɗaya, ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da kanta. Ki ci abinci. Matsa daga ruwan nan. Sannan ranar da mai ya fallatsar mini a hannu, na ji ƙarata, na ji muryar Inna ta biyo baya da sauri.

"Pele, omo mi."

Sannu, 'yata. Babu kowa a rumfar sai ni da ita. Tun ina goye take gaya mini irin wannan, ni kuwa na ɗauke shi hayaniyar titi, don a Agege Yarbanci kamar iska yake, ba ka lura da shi. Na yi ta maimaita wurin ina kuka har danfo ya wuce inda zan sauka, ya kai ni Abule Egba.

Washegari na tambaye ta me ya sa sai da Yarbanci take lallashina. Ta daɗe tana juya waina kafin ta amsa, ba tare da ta dube ni ba.

"Yaren mutane ne. Ba wanda ya hana ni komai a cikinsa."

Na gama karatu, na zama malamar makaranta, muka ci gaba a haka, Hausa don duniya, Yarbanci don ni. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Inna. Magana ta dawo a hankali, amma Hausar ƙauyensu kaɗai ta dawo. Yarbancin ya tafi duka, na sake zama yarinyar can.

Wata la'asar ina ba ta kunu, kofin ya kuɓuce, zafi ya zubo mini a hannu. Ta zuba wa hannun ido, leɓenta na motsi, tana laluben kalmomin, sun ƙi zuwa. Na ga hawaye ya taru mata. Sai na sunkuya na faɗa mata a kunne, yadda take faɗa.

"Pele, omo mi."

Ta lumshe ido. Can ta juya fuska wajen bango, ta ce, "A gaya wa yarinyar can, haka ne."