Baba Manu da Soron da Aka Bar Masa

Da an idar da sallar asuba, Baba Manu magini ba gida yake nufa ba. Sai ya zagaya tsohon soron ƙauyenmu, nan gabas da Gozaki, yana shafa bango, yana leƙa indararo. Kakanninmu suka gina soron da tubali da azara. A ciki ake ɗaurin aure, a ciki ake sulhun rikicin gona.

A da, in an kai amfani gida, gayya ake yi wa soron. Mata su jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar nan mai ƙarfafa yaɓe, samari su taka ƙasa, Baba Manu na bisa tsani yana yaɓe yana yi wa malalata tsiya. Yanzu fa? Bara gida-gida ya bi yana kira, Inna Kulu mai ƙosai kaɗai ta fito da tulunta. Ita ta ba ni labari: "Ɗan nan, shi ya kwaɓa, shi ya ɗauka, shi ya hau. Na ce Manu sauko haka nan, ya ce in ya sauko ruwa ne zai hau."

Mutanen garin kuwa, gwanayen hoto! Da Sallah a jeru gaban soro, a ɗauka, a watsa a waya, wai tarihinmu. Ran da Alhaji Awaisu dillalin masara ya kawo baƙi daga Funtuwa, har da cewa, "Baba, Allah ya ƙara ƙarfi." Baba ya ce, "Amin, Alhaji. Ƙasa nake so, ko amalanke guda." Har yau amalanken na hanya. Tir!

Kai ne ka riƙe mana abin da muke cika baki da shi, Baba, sarkin magina ba rawani. Tura ta kai bango ba ka yi fushi ba, ni ne nake yi maka. Mun gode, Allah ya biya ka, tunda mu mun kasa.

Bana gwiwa ta ƙi, Baba Manu ya jingine tsani. Bangon gabas ya tsage har hannu na shiga, ga hadari ya fara haɗowa. Ya ce bakinsa bai tsufa ba, zai zauna kan tabarma ya nuna wa duk wanda ya zo. To, jama'a, ga ƙasa ga ruwa. Wanda bai cire takalmi ya taka ba, ran da soron ya zube kada ya zo mana da salati. Ya kawo wayarsa ya ɗauki hoton tulin ƙasa.