Magana ta uku da hakim ya faɗa

Bana shekara talatin da huɗu ke nan da rasuwar yayata Ige, kuma ban taɓa faɗa wa kowa yadda aka yi ba. Yau zan faɗa, bi da bi.

Ciwon ya fara mata a shekarar da aka ba mu hawasha, wato gonar auduga, a yammacin Managil, a ƙasar Sudan. Maƙoƙo ya fito mata, idanunta suka firfito, hannunta na rawa har auduga na zube mata wajen tsinka. Tana ci tana ramewa. Ni na kai ta Madani, don ni kaɗai na yi aji huɗu a gidanmu. Ita ba ta jin Larabci sai na gaisuwa, shi ya sa take tsokanata da "Afandi", wato ɗan boko.

Hakim, kamar yadda muke ce wa likita, ya ce jikinta ne da kansa yake zuga maƙoƙon. Ya ba da ƙananan ƙwayoyi, ya faɗi magana uku. Ta farko, sau uku a rana. Ta biyu, kada a tsallake. Ta uku da sauri ya faɗe ta. Na tsinci maƙogwaro da zazzaɓi a ciki, sauran ya wuce ni. Na ji kunyar a ce ga ɗan Fallata, sunan da ake kiran mu 'yan asalin yamma da shi, bai iya Larabci ba, sai na gyaɗa kai.

"Mi ya ce, Afandi?"

"Ya ce maganin wuya ne. Ki sha."

Ta sha, rawar hannu ta ragu. A mako na shida zazzaɓi ya kama ta. Ta ce, "Afandi, maƙogwarona kamar an zuba barkono. Ko in huta da ƙwayar ga?" Na ce ba a tsallakewa. Kwana huɗu ina tsayawa a kanta da moɗa har ta haɗiye.

Da muka koma, hakim ya tuna mini maganarsa ta uku: in maƙogwaro ya yi ciwo da zazzaɓi, a daina maganin, a kawo ta a ranar, domin wani lokaci yakan raunana jini har jiki ya kasa yaƙi da cuta. Ige ta sake tambayata mi ya ce. Na ce mata za ta samu sauƙi. Bayan kwana biyu ta cika. Wajen ta'aziyya kowa cewa yake Afandi ya yi ƙoƙari, ni kuma ina amsawa.

Bara jikarta Hawwa, da ke Damazin, ta kamu da ciwon, aka ba ta irin ƙwayar. Larabcinta ya fi Hausarta, ba ta buƙatar tafinta. Duk da haka na bi ta, na sa likita ya maimaita komai sau uku, har ta ce, "Kaka, kana ba ni kunya."

Da Ige na nan, na san dariya za ta yi, ta ce Afandi ya tsufa kafin ya koyi tambaya. Hawwa ta gaji idanunta da tsokanarta. Ni abin da Ige ta bar mini kalma uku ne, waɗanda da na faɗe su a ranar farko gaban hakim, wataƙila da ta ga jikarta: ban gane ba.

Allah ya jiƙanta, ya yafe mini.